Mijina Ya Sa Linux, Intanet Ta Yi Yaji

Doña Nidia, ki taimake ni kafin in jefa kwamfuta cikin tukunyar miya.

Ina da shagon gyaran gashi a nan Barranquilla. Mijina Wilfrido direban bas ne, mutumin kirki, sai dai duk abin da ya gani a bidiyo a kanmu yake gwadawa. Watan jiya kamfani ya jawo mana intanet har falo, wayoyinmu duka suka kama. A makon ne ya share duk abin da ke cikin kwamfutar 'yarmu Yuleidis, ya zuba mata wani abu wai shi Linux, ya ce yanzu mun sami 'yanci. Mun samu kam, har daga intanet. Kwamfutar ba ta ganin wifi ko an ɗora ta a kan akwatin intanet ɗin da kamfanin ya kafa.

Ma'aikacin kamfanin ya zo, ya leƙa baƙin allo, ya yi alamar gicciye, ya shanye min kofi, ya ce su iyakarsu akwati. Wilfrido ya ce 'yar manhaja ɗaya ta rage. Tana ina? A intanet! Kwamfutar kuma ba ta da ramin soka kebul.

Ran Juma'a Yuleidis za ta yi jarrabawar shiga makarantar jinya ta intanet, kuma ba a yarda a yi da waya ba. Yarinya ta daina cin abinci, ta daina kula ubanta.

Bakin layinmu akwai mai gyaran kwamfuta, Dagoberto. Matsalar, ya taɓa nemana, tun yana da gashi. Da na ambace shi Wilfrido ya ce, "Wannan mai sanƙon? Gara in koma aika saƙo da tattabara!" Na ce, "To injiniya, tattabarar ce za ta rubuta jarrabawa?" Tun ranar a bakin gado yake kwana. In kai kwamfutar a ɓoye?

Matar Injiniyan Dole

'Yata,

Kada ki kai a ɓoye. A unguwarku kafin ki kai ƙofar shagon, labari ya riga ki zuwa tashar bas.

Linux ba shi da laifi, mijinki ma ba mugunta ya yi ba. Wautarsa ita ce gwaji da kayan mai jarrabawa. Ke kuma kin san sarai sunan da kika kira, kada ki yi min fuskar waliyyiya.

Ga magani. Ya haɗa wayarsa da kwamfutar da kebul ɗin caji, ya kunna raba intanet ta USB. Galibi Linux na kamawa nan take. Daga nan ya sauke manhajar wifi ɗin, ya kashe ya kunna. Ki bar shi ya yi da hannunsa, ki kuma yi mamaki da ƙarfi.

Ku tambayi makarantar ko shirin jarrabawarsu na aiki a Linux, domin wasu ba sa yi. Yau ɗin nan ki aro wa Yuleidis wata kwamfutar ta ajiye, ko yarinya ta ci abinci. In Laraba ta yi abin bai gyaru ba, Wilfrido ya rungumi kayansa ya kai wa Dagoberto da ƙafarsa, ke kina shago.

Allah ya ba Yuleidis sa'a. In ta fara aiki, ta soma da awon jinin ubanta.

Doña Nidia