Allurar Motar Baba Ta Farka

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa ciwon bayan nan ya zama tarihi. Mu nan sai godiya. Inna ta warware, ƙafar Baba ce dai take tashi tana kwanciya, Auta kuma cikinta ya tsufa, Allah ya sauke ta lafiya.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro shi ne motar Baba, kuma raina a ɓace yake. Kin san allurar da ke nuna yawan manta ta mutu tun kina gida, kullum a kwance ko da tanki ya cika maƙil. Na canza fis, na ƙwanƙwasa gilashin har yatsana ya gaji, bakanike ya ce kayanta sun ƙare a kasuwa. Sai na feƙe sanda na yi mata tsaga-tsaga, ina zura ta a tanki in san inda mai ya tsaya. Saboda sandar nan Baba bai yarda kowa ya ja shi ba sai ni. A hanyar asibiti yake ba ni labaran da ko Inna ba ta taɓa ji ba.

To, sai ga mijin Auta, malamin makarantar nan mai kallon gyare-gyare a waya. Ya zo gaisuwa, ya ce wai a bar shi ya duba. Na yi dariya a raina. Ya buɗe but ɗin bayan motar, ya cire wayar da ta fito daga tanki, ya ce in murɗa makulli, ya taɓa ta a jikin ƙarfen mota. Wallahi Yaya, allurar nan ta miƙe zumbur har ƙarshe! Ya ce ashe lafiyarta lau, ciwon yana cikin tanki. Ya kwance murfin, ya zaro wata 'yar kwalbar tagulla da ya kamata ta riƙa yawo a saman mai. Ta huje, mai ya cika ta, ta nutse. Ya tsiyaye ta, ya shanya a rana, ya liƙe hujin, ya kankare tsatsar wayoyi, ya mayar. Ni kuwa ina tsaye riƙe masa sifana.

Da kin ga Baba! Ya sa aka kawo masa kujera, yana ta sa masa albarka, yana cewa Allah ya ba shi ɗa a gidan nan. Ɗa fa, Yaya, ina tsaye a gabansa! Ni da na tura motar nan a cikin ruwan sama, ni da na san tarinta da atishawarta. Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake yi, kuma ya hana ni cin abinci ranar. Gyaran ya yi kyau, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai.

Jiya ranar asibiti ce. Na yi wanka, na fito da wuri, sai Baba ya ce in huta abina, tunda yanzu kowa zai iya janta, surukinsa zai kai shi. Ina kallo suka fita, Baba a gaba ya karkata yana yi masa hira. Da na juyo cikin gida sai na ga sandata a hannun Inna, an fitar da ita daga bayan kujera, tana korar kaji da ita. Don Allah idan kin kira Baba, ki tambaye shi cikin dabara ko hutun nan na jiya ne kawai.

Ki gaida maigidanki, da Babban Yaya idan kun haɗu, da takwarar Inna da 'yan biyu. Auta tana gaishe ki. Mijinta ma ya ce a gaishe ki, ga shi na isar.

Ƙaninki,
direban Baba na da.