Karen da ya cije ni za a kai wa yarinyar da ba ta magana

Assalamu alaikum Admin da duk 'yan uwa na wannan zaure. Don girman Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma Admin a taimaka a saka wannan kafin Juma'a, domin in Juma'a ta wuce shawarar ba za ta yi min amfani ba. Da hannun hagu nake danna wayar nan, na daman yana naɗe da bandeji, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Ni budurwa ce 'yar Zariya, iyakar karatuna sakandare, ina aiki a Doha. Ejan ɗin da ya kawo ni cewa ya yi aikin shara ne, sai da na sauka na tarar sharar ta gidan dabbobi ce, can bayan gari inda ake tara karnuka da magunan da aka yar. A ƙasar nan in zafi ya shigo mutane da yawa suna tattara kayansu su koma ƙasashensu, sai su buɗe mota su saki dabbar a bakin titi su wuce, to irin waɗannan ake kawo mana. Aikina wanke keji da tiyo tun rana ba ta ɗaga ba, zuba abinci da ruwa, riƙe mage in likita zai yi mata allura. Muna kuma kamo magunan unguwa a yi musu aikin hana haihuwa, a ɗan yanke bakin kunne ɗaya don a gane an yi, a mayar da su inda aka ɗauko su. Da farko kuka nake yi kullum, ni da ko kare na hango a layinmu sai na canza hanya. Amma mutum da sabo, yanzu har na san halin kowanne. Ina roƙo kar a fara min wa'azi a kan kare, kayan aikina daban na sallata daban, ba abin da ya kawo ni ke nan ba.

A wurin akwai tsarin da muke bi. Kowane kare akwai bel a wuyansa. Mai kore kowa zai iya taɓa shi har yara, mai ruwan ɗorawa sai babba, mai ja kuwa wanda ya taɓa cizon mutum ne, shi ana mayar da shi kejin can baya, ba ya fita yawo da 'yan sa-kai, ba a nuna shi ga masu neman ɗauka, yawancinsu nan suke tsufa su mutu. Duk safiyar Juma'a kuma akwai wani shiri da Madam ta ƙirƙiro, ita ce mai wurin kuma ita ce kafil ɗina, wato a ƙarƙashinta takarduna suke. Iyaye suna kawo yara masu lalura su zauna da karnuka masu koren bel, su shafa su, su taje musu gashi. Madam tana ji da shirin nan fiye da komai, saboda shi ne ma masu taimako suke kawo buhunan abinci da magani.

To akwai wata baiwar Allah, zan kira ta Anti, 'yar Kaduna ce, mijinta injiniya, suna zaune a unguwar Mesaimeer. A wani shago a unguwar Muntazah muka haɗu ina neman daddawa, ta ji ina waya da Hausa, ta dafa ni ta ce ke 'yar wace gari ce. Tun daga ranar ta ɗauke ni kamar ƙanwarta. Ranar hutuna gidanta nake zuwa in ci tuwo, da na yi zazzaɓi ita ta zo har ɗakinmu da kunu a filas. Tana da 'ya, Hanifa, ta isa shiga firamare amma ba ta magana, ba ta kallon idon mutum, likitoci sun ce otizim ne. Ni da bakina na ba Anti labarin shirin Juma'a. Ta yi dariya ta ce ke dai kin lalace, ni 'yar malamai in kai 'yata wurin kare? Amma da yake babu abin da ba su gwada ba, wata Juma'a sai ga ta da Hanifa.

Akwai wani kare, irin siraran nan na farautar Larabawa, ni na sa masa Dogo saboda ƙafafunsa. Madam da kanta ta tsince shi a ɗaure a jikin wayar shinge a sahara, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje. Shiru gare shi, ko haushi ba ya yi, koren bel ne a wuyansa tun zuwana. Hanifa tana shiga ta wuce kowa ta je ta zauna a gefensa, shi kuma ya ɗora haɓarsa a cinyarta. Haka suke yi duk mako. Ana nan wata Juma'a ina tsaye da bokiti, yarinyar nan ta buɗe baki ta ce "Dogo." Anti ta zauna a ƙasa cikin yashi tana kuka, ni ma kuka, Madam ma kuka. Kalmar farko ke nan da aka taɓa ji daga bakinta. Daga baya Baban Hanifa ya tambayi malami, aka ce masa tunda lalura ce kuma a tsakar gida zai zauna ba cikin ɗaki ba, babu laifi. Aka tsayar da magana cewa Juma'ar nan za a kai Dogo gidansu riƙon gwaji, in ya zauna lafiya ya zama nasu.

Yanzu ga abin da ya faru. A farkon makon nan na gama wanki, na cire takalmin roba na aiki na saka silifas ɗina, sai na tuna ban ɗauko kwanon Dogo ba. Na shiga kejinsa, yana kwance yana kaɗa jela kamar kullum. Sai ga kyankyaso a bango, ni kuma ban yi tunanin komai ba, na zare silifas ɗaya na ɗaga zan buga. Wallahi ban ga tashinsa ba. Kawai ji na yi an ja ni ƙasa, haƙoransa a hannuna, yana girgiza kai yana wani irin gurnani da ban taɓa jin ya yi ba. Idonsa kamar bai san ni ba, ni da nake ba shi abinci a tafin hannuna. Sai da silifas ɗin ya faɗi daga hannuna sannan ya sake ni, ya koma lungu ya dunƙule yana rawar jiki, har fitsari ya yi a kwance. Har yanzu in na rufe ido sai in ji numfashinsa a fuskata.

Madam ce ta kai ni asibiti a motarta, aka wanke aka ɗinke aka yi min allurai. A hanyar dawowa ta fara magana. Ta ce ni na ba shi tsoro, duk kare in ka ɗaga masa abu a keji zai kare kansa, wataƙila wanda ya yar da shi da takalmi yake dukansa. Ta ce in aka sa masa jan bel khalas, shi ke nan rayuwarsa ta ƙare, kuma in iyayen yara suka ji kare mai koren bel ya yi cizo ba wanda zai sake kawo ɗansa, shirin Juma'a ya mutu, masu kawo abinci su janye, to sauran dabbobin me za su ci. Na ce mata Madam a ɗaga kai shi gidan su Hanifa ko da na ɗan lokaci ne. Ta ce ta fi ni sanin kare, za ta gaya musu kar a yi masa tsawa kar a tsorata shi, wannan ya isa. Na ce ai Hanifa ba a ba ta umarni ta bi. A nan ranta ya ɓaci, ta ce ita ba ta taɓa cutar da ni ba, in tuna wa yake sa hannu a sabunta takarduna, kuma in wani ya tambaya in ce ƙarfen ƙofa ne ya yanke ni. Ba zan yi mata ƙarya ba, Madam ba muguwa ba ce, tana magana tana share hawaye. Son karen nan ne ya rufe mata ido.

Ni ma na so in yarda cewa tsautsayi ne na rana ɗaya. Washegari da ba kowa a kusa na tsaya daga wajen kejin, yana ganina ya taso yana kaɗa jela yana lasar wayar kejin kamar yana ba ni haƙuri. Na ɗaga tsintsiya, bai kula ba. Na ɗaga tiyo, bai kula ba. Na sunkuya na ciro silifas, ban ma gama ɗagawa ba ya daki wayar kejin da dukkan ƙarfinsa har bakinsa ya fashe. Na zauna a nan ina ta innalillahi.

Abin da Madam ba ta sani ba, ko ta ƙi ji, shi ne wannan. A wurin aikinmu doka ce duk mai shigowa sai da rufaffen takalmi, shi ya sa Anti take ɗaure wa Hanifa kambas mai igiya wanda ba ta iya cirewa, shi ya sa Dogo bai taɓa ganin takalmi a hannunta ba. Amma a gida fa? Gidan Bahaushe ne, takalma a jibge suke a bakin ƙofar falo, a tsakar gidan da za a ajiye shi, kowa ya zo sai ya sunkuya ya cire, mai aiki ta kwashe ta jera. Kuma Hanifa babban wasanta a duniya shi ne ta zauna a wannan bakin ƙofar ta ɗauki silifas ta ɗaga sama tana buga shi a ƙasa, tana iya yin haka tun safe har azahar, in aka ƙwace ta yi ta ihu tana dukan kanta. Ni babba ce, a tsaye nake, hannuna ya samu. Ita a zaune take, fuskarta da wuyanta daidai bakinsa.

Na gaya wa wadda muke ɗaki ɗaya, Anti Zuwera, 'yar zongon Kumasi ce tana shara a filin jirgi, ta daɗe a ƙasar nan. Ta ce yarinya, kin zo neman abinci ne ko kin zo gyaran duniya? Ta ce ta ga 'yan mata da yawa da bakinsu ya mayar da su gida da jaka ɗaya, in yi shiru tunda mai wuri ta ce ta ɗauki nauyi. Na ce Anti Zuwera in yarinyar ta mutu fa. Ta ce to ki faɗa amma kar a san ke ce. Ta yaya? Ni kaɗai aka ciza, ni kaɗai nake jin Hausa a wurin, ko Maman Hanifa ta ce mafarki ta yi Madam ta san daga inda maganar ta fito. Muka yi ta musu har ta ce ni dai kar in sa sunanta, ta ja bargo ta juya min baya.

Kuma ko na faɗa ban san me na gyara ba. Mahaifina ya rasu, ni nake riƙe da Inna da ƙannena, in aka sallame ni ban san ta inda zan fara ba. Dogo zai koma kejin baya ya ƙare a can, alhali ba laifinsa ba ne, wani azzalumi ne ya mayar da shi haka. Yaran Juma'a su rasa wurin zuwa. Hanifa kuma, kalma ɗaya gare ta a duniya, ni na kai ta inda ta samo ta, ni kuma zan je in ce a raba su. Ina tsoron ta koma shirunta, Anti ta riƙa kallona a matsayin wadda ta ɗanɗana mata ta ƙwace. Amma duk lokacin da na kawo waɗannan sai in kalli bandejin hannuna in tuna wuyan yarinyar ko kaurin hannun nan bai kai ba.

Madam ta ce ni zan raka direba mu kai shi ranar Juma'a tunda ni na san gidan. Ɗazu kuma Anti ta turo min bidiyo. Sun yi masa rumfa a tsakar gida, sun sayi kwano sabo. Anti tana dariya tana cewa ƙanwata kin ga mutuniyarki tun safe take jiran angonta, yalla maza ku kawo mana shi mu huta. Ga Hanifa a bakin ƙofa, silifas ɗin babanta a hannunta, tana ɗagawa tana bugawa tana cewa Dogo, Dogo. Na kalla sau ɗaya na kife wayar. Ta sake turowa tana tambaya me ya samu hannuna, wai Madam ta ce mata ƙofa ce ta yanke ni, in dinga kula. Har yanzu ban ba ta amsa ba.

'Yan uwa, don Allah ku gaya min. In kira Anti in faɗa mata komai, in rungumi duk abin da Madam za ta yi min? Ko in sake komawa wurin Madam in nuna mata bidiyon nan, in ta ƙi kuma fa, na riga na nuna mata ni ce zan yi magana? Masu zama a Qatar, in kafil ya kore ka a kan irin wannan akwai inda ake kai kuka a saurare ka? Akwai wanda ya san ko ana iya raba kare da irin wannan tsoron? Kar ku ce in yi addu'a kawai, ina yi. Anti tana kan layi yanzu haka, ta ga na buɗe saƙonta. Me zan rubuta mata?