Kan Jirgi Marar Inji

Zuwa ga 'yata Merete,

Gaisuwa mai yawa daga Hambug. Yaya ƙarfin jiki? Yaya mijinki Jeppe, da jikata Solvej? Tun da hotonta ya iso nake yawo da shi a aljihu, har mai burodin layinmu ya gaji da gani.

Ni lafiya lau. Matakalar gidan ce dai kamar ana ƙara mata tsawo, amma ba wani abu ba ne. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfurata na koya a ajin yamma.

Ina haɗa wa Solvej ƙaramin jirgin ƙasa na wasan yara mai kai biyu. Da na ɗaura kawuna masu inji duka biyun, sai suka riƙa fizgar juna har taragai suka tuntsire. Abin ya ɗaure mini kai. Abokina Detlef ya yi ta dariya.

Ya ce, "Haba tsoho, gudunsu ba ɗaya ba, dole su yi faɗa! Sa ɗaya marar inji mana."

Na ce, "To, me zai yi ban da ƙara nauyi?"

"Nauyin kaɗan ne. Kuma shi yarinya za ta iya turawa da hannu ba tare da ya lalace ba."

Tun ranar nake juya maganar. Kin daɗe kina cewa in dawo Aalborg wurinku, ina ƙi, don kada in zame muku kaya. To, ɗakin nan na ƙasa da kika ware mini yana nan kuwa?

Na dai sayi marar injin. Allah ya raya mana ita.

Mahaifinki,
Aksel