Mashi ko Garkuwa, Yaya Sagiru?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayana Sagiru, a duk inda wannan saƙo ya same ka. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan aikinka. Inna tana gaishe ka. Baba ma haka, ko da yake shi ba zai taɓa cewa a rubuta ba. Mu nan Wudil lafiya lau, sai kewarka.

Na rubuto a nan gaban jama'a ne saboda lambarka ta daina shiga tun bayan ƙaramar salla. Wani ɗan Achika da ya dawo daga wurin haƙar zinaren da kake ya ce ya gan ka garau, har kun ci abinci tare, kuma in kun hau dutse neman sabis kana leƙa shafin nan. Masu karantawa su yi mini haƙuri, maganar gida ce, kuma maganar wasa ce.

Yaya, Bajimi ya hau mataki, kuma ba ka nan ka zaɓa masa komai.

Ka tuna lokacin da ka kawo mana wasan nan? A waya ka ga Turawa suna yi. Kowa da gwarzonsa a rubuce a takarda, mutum ɗaya yana ba da labari, in gwarzonka zai kai duka ko zai tsallake rami sai ka jefa ɗan ludo ya yanke hukunci. Ka ce kai ba ka san mayaƙansu masu sulke ba, naka ɗan dambe ne daga Lajawa, sunansa Bajimi. Ni ka ba ni mai magani, wadda ko kaza ba ta iya bugewa. Nura ɗan Kawu ya zama mai ba da labari, tunda dama bakinsa ba ya hutawa.

Baba ya tarar da mu a gindin mangwaro muna jifa, ya tsaya a kanmu ransa a ɓace, ya zaci caca ta shigo masa gida. Ka zauna kana yi masa bayani har shayinsa ya huce. Da ya tabbatar babu abin da ake ci sai surutu, ya kaɗa kai ya wuce, yana cewa Allah ya shirya. Har yau in ya gan mu haka yake cewa, sai dai yanzu yakan ɗan tsaya ya kalli murfin kwalbar nan da ya lotse, wanda muke turawa a matsayin Bajimi.

Tun da ka tafi ni nake jefa maka. Nawa da hannun dama, naka da hagu, don kada sa'armu ta haɗu. Ban iya ihun da kake yi in shida ta fito ba, ban ma gwada ba.

Makon jiya muka kayar da 'yan fashin da suka tare gada a labarin, kowa ya hau mataki, kowa ya ɗauki sabuwar baiwa. Saura kai. Nura ya ce gwarzo marar mai shi yana ja wa wasa baya. Ko dai a zaɓa wa Bajimi tasa kafin zamanmu na Juma'a, ko kuma a ajiye shi a wani ƙauye cikin labarin, mu ci gaba da tafiya. A ajiye shi, Yaya, kamar tsohon keke. Ban sake yi wa Nura magana ba sai da ya aiko mini da soyayyen kifin bakin kogi, shi ma ci kawai na yi, ban huce ba.

Abu uku ne a gabansa. Na farko saurin ƙafa, ya ninka tafiyarsa a kowane juyi. Wannan ko kallonsa ban yi ba. Ka riga ka nuna mana kana da shi.

Na biyu mashi. Kai ka koya mini cewa hannun da ɗan dambe yake naɗewa da zare shi ake kira mashi, wanda yake miƙawa gaba a buɗe kuma garkuwa. In ya ɗauki mashi, naushi biyu zai riƙa kaiwa a juyi ɗaya. Na san shi za ka ɗauka tun Nura bai rufe baki ba. Haka ka yi a duk matakan baya. Da an ce ga abokan gaba sai ka tura murfinka can tsakiyarsu, ka bar ni a baya da jakar ganye, kana cewa, "Ke dai ki biyo ni da magani." Sau nawa na tsince ka kwance na tashe ka? Ko godiya babu, sai ka ce dama hutawa kake yi.

Ranar da muka raka ka tasha ma abin da ka faɗa mini ke nan ta tagar mota, kana dariya. Na yi dariyar ni ma, don kada Inna ta gane. Amma ta ina zan biyo ka, Yaya? Ko sunan garin ban iya faɗa daidai ba.

Na uku garkuwa. Ba ta ƙara masa ƙarfin duka ko kaɗan. Abin da take yi, in aka kawo wa wanda ke gefensa hari, sai ya miƙa hannu ya tare. Sai dai tana da sharaɗi: ba ta aiki sai yana tsaye dab da mutumin. Da ya matsa gaba ta zama banza.

Na jira ka har safiyar yau Juma'a. Ina jin motocin shanu suna wucewa kasuwa, ni kuma ina ta duba waya ko za ka ɓullo ka ce mashi, in yi tsaki in rubuta maka. Wallahi da na rubuta da murna. Ina kewar gardamarka, ina kewar yadda kake hura wa ɗan ludo iska kafin ka jefa, har satar ganin takardar Nura da kake yi ina kewa. Gidan nan ya yi shiru da yawa.

Da aka sauko daga masallaci muka shimfiɗa tabarma, na ce garkuwa. Na ɗauki murfinka na ajiye shi jikin nawa.

Nura ya yi dariya ya ce sai ka ci mu da faɗa in ka ji an mayar maka da Bajimi mai gadi. Daga nan ya ɗan juya biro a hannu. Sannan ya kafa doka, kowa ya amince: mai gwarzo yana da ikon sauya zaɓin da aka yi a bayansa, amma ba ta waya ba, ba ta saƙo ba. Sai ya zauna a tabarmar nan ya faɗa da bakinsa.

To ka ji. Bajimi bai tafi ko'ina ba, kuma yanzu ba shi da halin yin nisa da ni. Na san garkuwar ba ta yi maka ba. Ka zo ka canza.

Allah ya tsare ka a cikin rami da wajensa, ya kare ka daga sharrin hanya da na mutane. Allah ya sa abin da ka je nema ya zama alheri, in kuma babu rabo ya sanyaya maka zuciya ka juyo gida. Allah ya nuna wa Inna fuskarka tana da ƙarfin tashi ta tarbe ka. Amin.

Ƙanwarka,
Hadiza
Sabon Gari, Wudil