Kwanon da Na Ware wa Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Da fatan kuna lafiya.

Da tarin Baba ya tsananta, ni kaɗai na yanke cewa tarin fuka ne. Na ware masa kwano, na hana jikokinsa shiga ɗakinsa. Daga baya a asibiti aka sa kakinsa a na'urar da ke gane ƙwayar cuta daga sinadarin halittarta. Ashe ba tarin fuka ba ne, nimoniya ce, wato ciwon sanyin huhu, kuma magani ya karɓe shi.

Da muka dawo gida ya ce, "Hadiza, yanzu yaran za su iya shigowa?" Har yau na kasa haɗa ido da shi.

Ka sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka Hadiza, daga Lafia