Ƙadandoniyar da Na Kai Tsibirin Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Ilu na Maruta, wanda ƙasa ta rufe damina biyu da suka wuce.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, Inna lafiya, ƙannena lafiya. Gonarka ce ba lafiya, kuma ni na jawo.

Ina nufin tsibirin nan na tsakiyar kogi, inda kake shuka jar gyaɗar da ka gada. Ba ka taɓa bari mun haye da taɓon wata gona a ƙafa ko a bakin fartanya ba, sai mun wanke a bakin ruwa. "Ku bar ƙasar can a can," haka kake cewa. Ni kuwa in yi ta ƙunƙuni wai camfi ne, don na koya wa kaina boko a jikin jaridun ƙunsa ƙosai.

Bara wata mota ta zo kasuwar Birnin Kudu daga kurmi da dashen lemo, kowanne cikin gwangwani da baƙar ƙasarsa. Na taɓa karantawa wai lemo ne arzikin gobe. Na ɗauko shida a ka, na haye, ban wanke komai ba.

Bana na shuka gyaɗa, shiru. Na tona, sai ga ƙwaya a rarake, ƙadandoniya ta cika ramin. Ba irin tamu ba ce, baƙar nan mai ƙiba da ka ce mu ƙyale don ruɓaɓɓen ganye take ci, wadda ke naɗewa kamar gammo. Wannan siririya ce, ja-ja, da ɗigon rawaya gefe biyu, ga gudu ga wari. Da na tone gindin lemon na tarar da su a dunƙule, Baba, cikin baƙar ƙasar da na hayo da ita.

Na zuba su a kwalba na zaga gari. Ba wanda ya san ta. Ƙaninka Baffa Sale ya juya kwalbar, ya miƙo min, ya ce in tambayi jaridata. Ni da ba a kayar da ni a magana, na karɓi kwalbata na wuce.

Na taka keke har ofishin gona. Malamin gona ya buɗe littafi mai hotuna, babu ita a ciki. Wai sai an aika birni, sai an san sunanta kafin a san maganinta. Na ce masa ƙasa mai kuɗin fetur, an raba muku sababbin babura, amma sunan ƙwaro ya gagare ku? Ya kore ni. Bayan mako uku na leƙa, kwalbar tana kan tagarsa, sun bushe a ciki.

Na barbaɗa toka. Na tsince da hannu har yatsuna suka rine. Na kai kaji, suka ƙi ci. Na tumɓuke lemon na ƙone, na sake shuka gyaɗa, suka sake cinyewa.

Irinka saura ƙwarya ɗaya. Da safen nan Inna ta ajiye min ita a gaba. In na kai tsibiri, na ba su abinci. A tudu ka ce ba ta yi. In na ajiye sai baɗi, ban san ko za ta tsiro ba, ga ruwa yana wucewa. Da kana nan, kallo ɗaya za ka yi. Ni sai karatu, karatun kuma bai kai nan ba.

Abu ɗaya ya rage da nake iyawa. Yanzu ina wanke ƙafa da fartanya a bakin ruwa, tsaf, har tsakanin yatsu. Ba in zan shiga ba, Baba. In zan fito, don kada in kai wa maƙwabta.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ka yafe min ƙunƙunina.

Ɗanka mai baki,
Haladu