Kek ɗin Yaya Hauwa

Daren Laraba, Kudan

Yau na gwada sabon kek ɗin cakulan da Yaya Hauwa ta koya min a saƙon murya, sati guda kafin ta rasu. Na ɗora tukunyar yashi a kan gawayi, ina sauraronta tana dariya: "Kar ki buɗe da wuri, Zainab, na san halinki." Ban buɗe ba, kuma ya tashi, bai ƙone ba.

Inna ta gutsura ta kasa haɗiyewa, ta ce in kai wa yaran.

Ƙaramar 'yar Yaya ta cinye nata, ta ɗago. "Anti, Umma ce ta aiko mana?"

Na ce mata e. Allah ka yafe min.